Gashaka-Gumti: Gandun Daji Mafi Girma a Najeriya da Ƙalilan Suka San Hanyarsa

Idan aka yi maganar zuwa kallon namun daji a Arewacin Najeriya, Yankari ce ke fara zuwa bakin kowa. Haka kuwa ya kamata, domin tun 1962 aka buɗe ta ga jama'a, ga kwalta har ƙofa, ga ɗakunan kwana, ga ruwan ɗumin Wikki da 'yan makaranta ke ɗokin faɗawa. Masu hali kuma, waɗanda suka saba kallon shirye-shiryen dabbobi a talabijin, hankalinsu yakan tafi Serengeti ta Tanzaniya, ko Masai Mara ta Kenya, ko Kruger ta Afirka ta Kudu. Amma a gabashin ƙasar nan, kan iyaka da Kamaru, akwai gandun da ya kusa ninka Yankari sau uku a faɗi, wanda a cikinsa dutse mafi tsawo a Najeriya yake, ga shi kuwa mutane da yawa a Kano da Sakkwato da Katsina ko sunansa ba su taɓa ji ba. Wannan shi ne gandun daji na ƙasa na Gashaka-Gumti.

Tambayoyi uku ne ke gaban duk wanda ya ji labarinsa har ya fara tunanin zuwa. Me zai gani idan ya je? Abin da zai gani ya kai wahalar hanya? Sannan zuwan baƙi zai amfani dajin da mutanen da ke zaune a gefensa, ko kuwa zai ƙara musu nauyi ne? Amsar kowace tana buƙatar a san wurin tukuna.

Yadda ƙasar take

Faɗin gandun ya haura murabba'in kilomita 6,400, kuma ya ratsa jihohi biyu. Ɓangaren kudu, wato Gashaka, yana Jihar Taraba, a nan ne kuma hedkwatar gandun take, a garin Serti. Ɓangaren arewa, wato Gumti, ya miƙe har wajen Toungo a Jihar Adamawa. Ɓangarorin biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Arewa shimfiɗaɗɗen daji ne mai doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin wanda idon ɗan Arewa ya saba da shi. Kudu kuwa tsaunuka ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu, inda rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. Idan mutum ya ci gaba da hawa, sai kurmin ya ƙare ya fito fili mai gajeriyar ciyawa da sanyi mai ratsa ƙashi. Can a ƙarshen kudu maso gabas, daf da Kamaru, Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419. Babu wani wuri a Najeriya da ya kai shi tudu.

Wannan bambancin tudu da kwari shi ne asirin arzikin gandun. A cikin tafiyar kwana biyu ko uku, mutum zai wuce ta yanayi iri-iri da a wani wurin sai ya keta ƙasashe kafin ya gan su. Kowane yanayi kuma da nasa itatuwa da tsuntsaye da dabbobi. An lissafa tsuntsaye sama da iri 500 a gandun, ciki har da waɗanda ba sa rayuwa sai a tsaunukan da ke tsakanin Najeriya da Kamaru.

Akwai wata ni'ima da ta fi dabbobin shafar rayuwar talaka kai tsaye, ita ce ruwa. A ɓangaren kurmin ruwan sama yakan kai kusan milimita 2,000 a shekara, wato ya ninka abin da Kano ke samu. Kurmin yana shanye wannan ruwa a damina, ya riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Daga nan koguna irin su Kam da Gashaka da Gamgam ke tasowa, su haɗu su ciyar da Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Masuncin da ke jefa koma a Ibi da manomin fadama a Makurɗi suna cin moriyar dajin da ba su taɓa gani ba. Ranar da aka sare itatuwan kan tsaunukan nan, ruwan zai riƙa gangarowa gaba ɗaya a damina ya yi ambaliya, da rani kuma kogi ya ƙafe.

Taƙaitaccen tarihi

Wannan yanki ya ga sarauta iri-iri. Ƙabilu kamar Jibawa da Ndoro da Camba da Mambila sun daɗe a cikinsa. A ƙarni na 19 ya shiga ƙarƙashin Fombina, masarautar da Modibbo Adama ya kafa, shi ya sa har yau Lamɗon Gashaka ne babban basaraken yankin, Fulatanci da Hausa kuma su ne harsunan kasuwa. Da Turawa suka raba Afirka, yankin ya faɗa hannun Jamus a matsayin wani ɓangare na Kamaru, kuma har yanzu akwai kufan ganuwar sojan Jamus a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta karɓi riƙonsa. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi haɗewa da Najeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti don kare namun daji. A 1991, shekarar da aka raba Gongola aka sami Adamawa da Taraba, gwamnatin tarayya ta haɗe dazuzzukan ta mayar da su gandun ƙasa guda. Tsakanin waɗannan lokuta biyu an yi babbar asara: annobar bushiya da ta afka wa shanu a 1983 da 1984 ba ta bar ɓauna da sauran dabbobi masu kofato ba, daga baya kuma farauta ta hana su farfaɗowa yadda ya kamata.

Abin da za a gani da wanda ba za a gani ba

Gara a faɗa wa mai niyyar zuwa gaskiya tun daga gida. Wanda ke son ganin garken giwaye ya nufi Yankari, domin a can ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya yake. Wanda ke son ya ga zaki kwance a inuwa yana hamma, mota ta tsaya a gabansa ya ɗauki hoto, to Gashaka-Gumti ba wurinsa ba ne. Tsofaffin takardun talla suna jera giwa da zaki da kyarkeci cikin dabbobin gandun, amma kada baƙo ya sa ran haɗuwa da su.

Abin da gandun ke taƙama da shi shi ne birai, musamman birin cimfanzi, wanda a duk dabbobi babu mai kama da ɗan Adam kamarsa. Cimfanzi iri huɗu ne a Afirka, kuma irin da ke Gashaka ba a samunsa ko'ina sai Najeriya da Kamaru. Shi ne mafi ƙaranci a cikin huɗun, 'yan dubbai kawai suka rage a duniya, kuma Gashaka na cikin manyan mafakarsa. A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa shirin nazarin birai a Kwano, cikin kurmin, daga baya gidan namun daji na Chester a Ingila ya tallafa wa aikin na shekaru. Abin da masu binciken suka gano yana da ban sha'awa. Cimfanzin Gashaka sukan karyo reshe su gyara shi, su zura a rami su ɗebo zuma, ko su tsoma shi cikin kwarkwasa su suɗe. A wasu ƙasashe cimfanzi ya shahara da kamun gara da tsinke, amma na Gashaka ba a same su suna yin haka ba, alhali ga gara nan birjik. Wannan ya nuna kowane garke yana da abin da ya gada wajen iyayensa. Idan garke ya ƙare, iliminsa ya tafi tare da shi.

Ganin cimfanzi da ido a Gashaka sai an yi sa'a, domin ba su saba da mutane ba kamar na wasu gandaye a Yuganda da Tanzaniya. Abin da ya fi yiwuwa shi ne mutum ya ji ihunsu da asuba yana amsa kuwwa a kwari, ya ga sheƙar ganye da suke ɗaurawa a kan itace kowace yamma don kwana, ko ya tsinci sandar da suka yi aiki da ita suka yar. Sauran birai kuwa ba su da wuyar gani: ga gwaggon biri garke-garke, ga baƙin biri mai farin gashi a kafaɗa da wutsiya yana tsalle daga reshe zuwa reshe, ga wani mai farin ɗigo a hanci. Ban da birai, akwai ɓauna da gwambaza da mazo da gada iri-iri da mugun dawa da jan aladen daji, da kuma ƙaton aladen kurmi wanda ya fi kowane aladen daji girma. A ɓangaren arewa ana samun gwanki da kanki da mariya. A Kogin Kam akwai gurbin dorina, akwai kada, akwai kuma tsage da giwan ruwa waɗanda ke jawo masu sha'awar kamun kifi da ƙugiya. Kyamarorin da ake ɗaurawa a jikin itatuwa sun sha ɗaukar damisa da ɗankunya da dare.

Kallo da ƙafa

A manyan gandayen gabashin Afirka mota ce ke yin aikin. Direba yana da rediyo, da zarar wani ya hango damisa sai ya sanar, nan da nan motoci su kewaye ta. Baƙo ya biya kuɗi mai yawa, don haka dole a nuna masa abin da ya zo gani kafin la'asar. Wannan tsari ya kawo wa Kenya da Tanzaniya kuɗin shiga mai ɗimbin yawa, babu mai musun haka. Sai dai ya zo da nasa ciwon: a Masai Mara cunkoson motoci ya kai ga takura wa dabbobin da aka zo kallo, yana hana su farauta da renon 'ya'ya cikin natsuwa.

A Gashaka-Gumti ƙafa ce abin hawa. Mota takan kai mutum ƙauyen Gashaka, daga nan zuwa Kwano tafiyar 'yan sa'o'i ce a ƙasa, ana hawa ana gangara, ana tsallake rafi. Mai gadin daji yana gaba, baƙo yana biye. A irin wannan tafiya ce mutum ke gane cewa daji karatu ne. Mai gadi zai tsaya ya nuna sawu a laka ya ce ɓauna ce ta wuce da asuba, ya ɗaga kashi da tsinke ya faɗi abin da dabbar ta ci, ya ji kukan wani tsuntsu ya ce akwai birai a gaba. Da yawa daga cikin masu gadin nan da masu ja-gora 'ya'yan yankin ne, wasu iyayensu maharba ne, kuma ilimin da kakanninsu suka yi farauta da shi shi ne yau suke kare dabbobin da shi. Wanda ya yi yini guda tare da ɗayansu zai koyi abin da ba zai samu a mako guda cikin mota ba.

A nan ne darajar gandun da ba a san shi ba take. Babu layin motoci, babu hayaniya, babu mai gaggauta ka. Duk dabbar da ka gani, da guminka ka gan ta, kuma tana cikin harkarta ne, ba ta saba da idon mutane ba. Amma farashin wannan shi ne rashin tabbas. Ana iya yini ana tafiya ba a ga komai ba sai birai da tsuntsaye. Mai haƙuri ne ke cin ribar irin wannan daji, mai son a jera masa dabbobi cikin awa biyu kuwa gidan zu ya fi dacewa da shi.

Hanya, lokaci da guzuri

Mai tasowa daga Kano ko Kaduna zai bi ta Bauci ko Gombe ya sauka Numan, ya wuce Jalingo. Mai son taƙaita tafiya yana iya hawa jirgin sama zuwa Yola ko Jalingo. Daga Jalingo sai a kama hanyar Bali zuwa Serti, wadda ita ce ke wucewa ta hau tsaunin Mambila har Gembu. Tafiya ce ta sa'o'i da dama, kuma hikima ita ce a yi ta da rana. A Serti ake yankar takardar shiga a ofishin gandu, a nan ake haɗa baƙo da mai gadin da zai raka shi, domin ba a shiga dajin ba tare da rakiya ba. Daga Serti zuwa ciki sai mota mai ƙarfi ko babur.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. A lokacin koguna sun ja baya ana iya tsallake su, ciyawa ta bushe ido na gani nesa, dabbobi kuma suna taruwa kusa da ruwa. Abin da kawai ke rage armashi shi ne hazon hunturu, wanda kan rufe tsaunuka wasu ranaku. Da damina dajin ya fi kyan gani, amma hanyoyi sukan yanke, rafin da aka tsallaka da safe ya zama kogi da yamma. Mai niyyar hawa Chappal Waddi ya ware kwanaki, ya nemi masu ɗaukar kaya, ya kuma tanadi rigar sanyi mai kauri, don daren can sama ba wasa ba ne.

Guzurin ba mai tsada ba ne, sai dai kowane abu a cikinsa yana da amfani: takalmi mai ƙarfi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, tocila, abin tace ruwan sha, madubin hangen nesa, da tsabar kuɗi a hannu, tun da layin waya ba ya kaiwa ko'ina. A guji tufafi baƙaƙe da shuɗaye, saboda su ne ke jawo ƙudan tsando. Masauki a cikin gandun mai sauƙi ne, wani wurin ma tanti ne, don haka wanda ya saba da otal mai na'urar sanyaya ɗaki ya shirya ransa.

Akwai kuma ladubban daji. Ba a ba biri abinci, domin wanda ya saba karɓa daga hannun mutum gobe shi ne zai shiga gona da rumbu. Mai mura ko tari ba ya kusantar inda cimfanzi suke, saboda cututtukan numfashi na ɗan Adam suna kama su har su kashe su. Ba a wanka a kogi sai inda mai gadi ya nuna, don dorina ta fi yadda ake zato sauri da faɗa. Duk leda da robar da aka shiga da ita a fito da ita. Kuma kada baƙo ya sayi naman daji a hanya, ko da an ce masa ba daga gandu ya fito ba.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. Gandun Kamuku a Birnin Gwari da na Tafkin Kainji sun sha fama da 'yan bindiga har ziyara ta gagara. Gashaka-Gumti bai shiga irin wannan hali ba, amma daji ne mai faɗi kan iyakar ƙasa, kuma al'amura kan sauya. Mai hankali yakan tuntuɓi hukumar gandun kafin ya ɗaura kaya, ya bi shawarar da aka ba shi kan hanya da lokaci.

Mutanen da ke ciki da nauyin da ke kan dajin

Gashaka-Gumti ba daji ne da babu kowa ba. Da aka shata iyakarsa an bar wasu ƙauyuka da wuraren kiwo a ciki, irin su Gumti da Filinga da Selbe da tudun Hendu, inda doka ta yarda mazauna su yi noma da kiwo a keɓaɓɓun wurare. Fulani makiyaya sun daɗe suna son tudun nan saboda sanyi da ciyawa da ƙarancin ƙudan tsando. Wannan tsari ya kauce wa zaluncin da aka yi a wasu ƙasashe, inda aka kori mutane daga ƙasar kakanninsu da sunan kare dabbobi. Sai dai jama'a na ƙaruwa, shanu na ƙaruwa, kuma rikici da fari a wasu wurare suna turo sababbin garkuna. Kowane rani ana cinna wa ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro, wutar kuma takan ci gefen kurmi kaɗan-kaɗan.

Manomin da ke gefen daji shi ma yana da kukansa. Gwaggon biri da aladen daji sukan shiga gonar masara su yi ɓarna a dare ɗaya. Binciken da aka yi a Gashaka ya nuna garken gwaggon birin da ke satar amfanin gona ya fi wanda ke cin 'ya'yan itace a kurmi saurin haihuwa. Wato gumin manomi ne ke ciyar da su. Duk wanda zai yi wa wannan manomi wa'azin kare namun daji, dole ya zo masa da amsar wannan asara.

Sai kuma masu zuwa daga nesa don kwasar dukiya. A tsakiyar shekarun 2010 kasuwar icen madobiya, wanda 'yan katako ke kira madrid, ta buɗe saboda buƙatarsa a Sin. Manyan motoci suka riƙa fita da gungume daga Taraba dare da rana, da itacen ya ƙare a waje sai masu sara suka juyo kan gandu. Ga masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, ga masu ɗana tarkon waya wanda ba ya zaɓen abin da zai kama, ga masu neman ɗankunya saboda ɓawonsa da ake safararsa zuwa Asiya. Masu gadin daji sun rasa rayuka a wannan fafatawa, sau da yawa suna fuskantar masu makamai da kayan aikin da bai taka kara ya karya ba.

A 2017 Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da wata gidauniyar 'yan Najeriya mai suna Africa Nature Investors don tafiyar da gandun tare. Tun daga nan aka ɗauki sababbin masu gadi daga ƙauyukan yankin, aka horar da su, aka ba su kayan aiki, aka kuma fara shirye-shiryen sana'a da tattaunawa da makiyaya. Aiki ne mai tsawo, amma alƙiblar daidai take.

Shin ziyara tana da amfani?

Misalai biyu daga wasu ƙasashen Afirka sun isa su nuna abin da zai yiwu. Gandun Zakuma a Chadi yana da giwaye wajen 4,000 a farkon shekarun 2000, amma mafarautan haure suka rage su zuwa kimanin 450 kafin 2010. A 2010 ɗin gwamnatin Chadi ta miƙa tafiyar da gandun ga ƙungiyar African Parks. Aka gyara tsaro, aka jawo ƙauyukan kewaye a jiki, kisan ya kusa tsayawa cak, giwaye suka koma haihuwa, baƙi kuma suka fara zuwa wurin da a da ba mai tunanin zuwa. A Ruwanda, gandun Akagera da ya lalace bayan yaƙin 1994 ya farfaɗo har aka mayar masa da zakuna a 2015 da karkanda a 2017. Abin lura a Akagera shi ne kaso mai yawa na masu ziyararsa 'yan ƙasar ne, kuma Ruwanda tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta don ayyukan al'ummomin da ke maƙwabtaka da su.

Darasin da ke ciki a fili yake. Tsaro da kyakkyawan shugabanci su ke zuwa farko, baƙi su biyo baya. Yawon buɗe ido shi kaɗai ba zai ɗauki nauyin daji mai faɗin Gashaka-Gumti ba, kuma kuskure ne a yi wa mutanen Serti alƙawarin cewa Turawa za su cika garin da daloli. Amma ko baƙi kaɗan suna da tasiri. Mai babur da ya kai su, mai ɗaukar kaya, matar da ta dafa musu abinci, mai sayar da zuma, kowa ya sami rabonsa. Gandun da mutane ke zuwa kuma yana da masu magana da yawunsa: idan aka ji ana sare shi, akwai waɗanda za su ɗaga murya domin sun san abin da ake shirin rasawa. Rashin suna ya taimaka wajen adana Gashaka-Gumti daga cunkoso, amma shi ne kuma ya sa aka yi shekaru ana kwasar itatuwansa ba tare da ƙasa ta girgiza ba.

Saboda haka baƙin da gandun ya fi buƙata su ne 'yan gida. Baƙon waje yakan daina zuwa da zarar ofishin jakadancinsa ya fitar da gargaɗi, kamar yadda aka gani a lokacin annobar korona a 2020, sa'ad da gandaye da yawa a Afirka suka wayi gari babu kuɗin biyan ma'aikata. Ɗan ƙasa kuwa yana nan. Muna da jami'o'i a Jalingo da Wukari da Yola da Gombe da ke koyar da ilimin halittu ko gandun daji, ɗalibansu sun cancanci su ga kurmi da idonsu kafin su karɓi digiri. Muna da iyalai masu kashe kuɗi mai yawa su tafi hutu Dubai ko Masar, alhali kaɗan daga cikin wannan kuɗi zai kai su Serti ya dawo da su. Tatsuniyoyinmu da karin maganarmu da kirarin sarakunanmu cike suke da ɓauna da damisa da dorina da gwanki, ga shi muna renon yaran da ba su taɓa ganin ko sawun ɗayansu ba.

Akwai haƙƙi a kan hukuma: ta gyara hanyar da ke shiga gandun, ta bayyana kuɗin shiga da na masauki a fili yadda kowa zai sani kafin ya taso, ta kula da albashi da iyalan masu gadin da ke sayar da ransu, ta kuma tabbatar wani kaso na abin da baƙi suka biya yana komawa ga ƙauyukan da ke ɗauke da asarar zama kusa da dabbobi. Ya kamata a ƙayyade yawan masu shiga kurmin cimfanzi tun yanzu da baƙi ba su da yawa, domin doka ta fi sauƙin kafuwa kafin kuɗi su fara magana. Akwai haƙƙi a kan sarakuna da malamai su tuna wa jama'a cewa waɗannan halittu amana ce, kuma ɓarnatar da su ba tare da dalili ba laifi ne a addini kafin ya zama laifi a dokar ƙasa.

Mai karatu kuma nasa ya fi sauƙi. Idan Allah ya hore masa lafiya da ɗan abin hannu, ya ware mako guda a cikin rani mai zuwa, ya tuntuɓi ofishin gandun a Serti, ya tafi da 'ya'yansa da suka isa tafiyar ƙasa. Ya ɗauki ja-gora daga mutanen wurin ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, ya ci abincin garin, ya bi dokar daji. Idan ya dawo ya ba da labarin yadda ya gani, da daɗin da wahalar, don na bayansa su tafi da shiri.